1992, 2000, 2008, 2012 ko 2024: wane zaɓen shugaban ƙasa za ka ɗauka ka yi aiki a kansa?

Daga 1992 zuwa yau, sau tara Gana ta zaɓi shugaban ƙasa. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi ko ta Legon a Akra ba zai iya kwashe su duka ba. Haka ma ƙungiyar matasan da ke son shirya lacca a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi, ko mai shirin Hausa a rediyo da aka ba shi awa guda. Dole a tsaya a kan ɗaya, kuma nan ne gardama ke tashi. Wannan ya ce 2008 saboda an yi kankankan, wancan ya ce 2024 saboda Musulmi ya tsaya takara, dattijo kuma ya ce duk wanda bai ga 1992 ba ya yi shiru. Na ɗauki biyar daga cikin taran na auna su da ma'auni ɗaya, don wanda ke kokwanto ya samu abin kamawa.

Abin da za a duba

Na farko shi ne nauyin tarihi. Cikar filin gangami da zafin yaƙin neman zaɓe ba sa shigar da zaɓe cikin tarihi. A 2004 kusan kashi 85 cikin 100 na masu rajista suka fito, abin da ba a sake gani ba a Jamhuriya ta Huɗu, wato mulkin farar hula na yanzu, amma da wuya ka ji ana tuna shi, don mai mulki ne ya nemi wa'adi na biyu ya samu, gari ya waye kowa ya koma harkarsa. Tambayoyi uku nake yi wa kowane zaɓe. Shin an yi wani abu da ba a taɓa yi ba, kuma aka ci gaba da binsa? Me wanda ya sha kaye ya yi? Wace doka ko hukuma ko al'ada ce ta canja a dalilinsa? Ta tsakiyar ta fi nauyi a wurina, domin wanda ya ci kowa ya san murna zai yi. Abin da ke nuna inda ƙasa ta dosa shi ne halin wanda ya faɗi, musamman idan sojoji da 'yan sanda da baitulmali suna hannunsa.

Bayan nauyi sai abubuwa huɗu na aiki. Kuɗi: mota, kwafin takardu, data, da ɗan goron da za ka kai wa dattawa. Sauƙi: akwai takardu da shaidu a kusa? Ɗorewa: abin da ka rubuta zai yi amfani nan da shekara goma, ko zai tsufa kafin zaɓe mai zuwa? Haɗari: zai raba kan unguwa ko ya sa a liƙa maka tambarin wata jam'iyya? Wanda ya taɓa zama a majalisar ataya lokacin siyasa ya san wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne.

1992

A ranar 28 ga Afrilu 1992 aka amince da kundin tsarin mulkin da ake aiki da shi har yau ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Ranar 3 ga Nuwamba aka yi zaɓe. Jerry John Rawlings, wanda ya riƙe ƙasar tun juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, ya samu kusan kashi 58, Farfesa Adu Boahen na jam'iyyar adawa ta NPP ya samu kusan 30, Hilla Limann ya biyo baya can nesa. 'Yan adawa suka ce an yi maguɗi. Kumasi ta hargitse har aka sa dokar hana fita. Suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na ƙarshen Disamba, NDC, jam'iyyar Rawlings, ta kwashe kujeru 189 cikin 200.

Nauyinsa babba ne, don daga nan Jamhuriya ta Huɗu ta faro, kuma ƙorafin da ya biyo baya ya haifar da gyara: kwamitin tuntuɓar jam'iyyu na IPAC a 1994, sabuwar rajista a 1995, da akwatunan ƙuri'a masu nuna abin da ke ciki a 1996. Sai dai a tambaya ta biyu ya gaza. Ba a gwada mai mulki ba, tunda shi ya ci, kuma waɗanda suka faɗi juya baya suka yi.

Shi ne mafi tsada. Lokacin babu rediyo mai zaman kanta, GBC ta gwamnati ce kaɗai, manyan jaridu biyu kuma na gwamnati ne, don haka sai ka tono ƙananan jaridun adawa kafin ka ji ɗaya ɓangaren. Wannan na nufin shiga mota daga Asafo zuwa Akra, zama a PRAAD, ma'ajiyar takardun gwamnati, da ɗakin karatu na Balme da na George Padmore, da kwana a gidan dangi a Nima ko Madina. Aikin zai daɗe yana amfani, amma sunan Rawlings har bayan rasuwarsa a Nuwamba 2020 yana tada jijiyar wuya, a wajen masoyansa da waɗanda suka ji jiki a zamaninsa.

2000

Nan zan daɗe, don shi ne zaɓina.

Tsarin mulki ya ba shugaba wa'adi biyu, Rawlings ya cinye nasa. Tambayar da ke bakin kowa ita ce ko mutumin da ya hau mulki da bindiga har sau biyu zai sauka, kuma idan ɗan takararsa ya faɗi ko zai miƙa wa abokan gaba. Tattalin arziki ya yi tsanani a shekarar: farashin koko da zinariya ya faɗi a kasuwar duniya, na mai ya tashi, sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai wajen kashi 40 a ƙarshen shekara. A maƙwabta kuma misalai biyu ne a gaban jama'a. A Maris Abdou Diouf na Senegal ya amince da kayen da Abdoulaye Wade ya yi masa. A Oktoba Janar Robert Guéï na Kodebuwa ya nemi ƙwace sakamako, aka zubar da jini a Abidjan.

Ranar 7 ga Disamba John Agyekum Kufuor na NPP ya samu kashi 48 da ɗoriya, John Atta Mills na NDC ya samu 44 da rabi. Babu wanda ya haura rabi, sai zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba. Ƙananan 'yan takara suka mara wa Kufuor baya, ya ci da kusan kashi 57. Mills ya amince ya taya shi murna, ranar 7 ga Janairu 2001 aka rantsar da sabon shugaba. Tun samun 'yancin kai a 1957 wannan ne karo na farko da mulki ya tashi daga hannun wata jam'iyya zuwa wata ta hanyar ƙuri'a. Kafin nan, bindiga ce ke sauke zaɓaɓɓu: Nkrumah a 1966, Busia a 1972, Limann a 1981. Duk sauyin da aka yi bayansa, a 2008 da 2016 da 2024, a kan wannan turbar aka bi. Tambayoyina uku duka ya amsa su.

Akwai kuma ƙananan abubuwa masu daɗin tonowa. A shekarar aka kafa CODEO, gamayyar masu sa ido na cikin gida. Gidajen rediyon FM masu zaman kansu suka tura wakilai rumfuna suna karanto sakamako ta waya kai tsaye, har ya zama da wuya wani ya sauya lamba a hanya. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe Kotun Ƙoli ta yanke cewa masu tsohon kati mai ɗauke da tambarin yatsa su ma za su jefa ƙuri'a, ba masu katin hoto kaɗai ba. A 2001 sabuwar majalisa ta soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna.

Ga mu 'yan Zango akwai wani sashe na daban. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa a Zango sun watse a lokacin, ciki har da mutanen da a nan aka haife su. NPP daga tsatson Busia ta fito, don haka shekara talatin bayan nan tsoron bai gushe ba, kuma abokan hamayyarta ba su bari an manta ba. Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama a matsayin mataimaki, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe wannan kujera, jam'iyyar kuma ta ƙarfafa reshenta mai suna Nasara don shiga Zango. Shin hakan ya sauya ƙuri'ar Aboabo, Sawaba da Sabon Zango, ko dai ya rage tsoro ne kawai? Wannan tambaya amsarta tana bakin iyayenmu.

Na zauna da wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai a unguwarmu, tana juya ƙosai a kasko tana ba ni labarin maƙwabciyarsu da ta sayar da keken ɗinkinta da arha a 1969 don ta samu kuɗin mota, ba su sake haɗuwa ba. Da labari ya kawo kan daren sakamakon 2000 sai ta aika jikarta ɗaki, aka ɗauko wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai takardun haihuwar 'ya'yanta da katin zaɓenta, an naɗe su cikin leda an ɗaure da roba. Ta ce a daren nan ta haɗa su wuri ɗaya don kada a zo tambaya ta rasa abin nunawa. Ba wanda ya zo, amma ba ta sake raba su ba. Irin wannan shaida babu ita a ɗakin ajiyar takardu na gwamnati, kuma masu ita suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗinsa matsakaici ne. Alƙaluman hukumar zaɓe suna samuwa, jaridun lokacin sun fi na 1992 yawa da bambancin ra'ayi, shaidu kuma ƙafa za ta kai ka wurinsu. Kada ka sa ran bidiyo da yawa, intanet ba ta yaɗu ba tukuna. Hattara da abu ɗaya: mazaɓu 200 ne a 2000, aka mai da su 230 a 2004, lokacin da aka ƙirƙiri Asawase, sannan 275 a 2012. Idan za ka kwatanta ƙuri'un unguwa daga zaɓe zuwa zaɓe, bi rumfuna, kada ka bi sunan mazaɓa. Haɗarinsa kaɗan ne, don kowane ɓangare yana da abin alfahari a ciki: NPP ta ci, NDC ta miƙa. Maganar 1969 ce kawai ke son lallami. Kada ka fara da tambayar wa aka zaɓa. Gaida dattijo yadda ya kamata, sannan ka ce, "Baba, a ina kuke a daren da aka faɗi sakamako?" Sauran zai zo da kansa.

2008

Idan labari mai riƙe mai sauraro kake so, babu kamar wannan. A zagayen farko Nana Akufo-Addo na NPP ne a gaba da kashi 49.13, Mills yana da 47.92. A zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba abin ya juya, Mills ya shiga gaba da ƙuri'u kusan 23,000, ga mazaɓar Tain mai masu rajista sama da 50,000 ba ta yi zaɓe ba. Shugaban hukumar zaɓe Kwadwo Afari-Gyan ya ƙi bayyana wanda ya ci har sai Tain ta jefa nata ranar 2 ga Janairu 2009. NPP ta nemi kotu ta dakatar, daga baya ta ƙaurace wa zaɓen Tain ɗin, Kufuor kuma ya fito ya nemi kowa ya karɓi abin da hukuma za ta faɗa. Mills ya ci da kashi 50.23, tazarar ƙuri'a 40,586 cikin kusan miliyan tara. Jam'iyya mai mulki ta miƙa, alhali an gano mai a rijiyar Jubilee a 2007, kowa na ganin wanda ya hau shi zai fara taɓa kuɗin. A wannan lokacin Kenya ba ta daɗe da fita daga rikicin zaɓen da ya ci rayuka sama da dubu ba, Zimbabuwe ma tana cikin nata. Shi ya sa duniya ta zuba ido, har Barack Obama ya zo Akra a Yulin 2009.

Nauyinsa ya kusa na 2000, don ya nuna cewa na farkon ba sa'a ba ce. Takardu suna da yawa a intanet, kuma daga Kumasi zuwa Nsawkaw, hedikwatar Tain, ta Techiman da Wenchi ba tafiya ce mai cin aljihu ba. Matsalarsa biyu. An yi rubutu a kansa sosai, da wuya ka kawo sabon abu. Sannan kowace jam'iyya ta zargi ɗaya da aringizo a tungarta, NDC ta nuna Ashanti, NPP ta nuna Volta. A cikin Kumasi, a gaban taro mai gauraye, wannan magana tana iya komawa ta ƙabila cikin minti biyar.

2012

Wannan zaɓen kotu ce ta ba shi nauyi. Mills ya rasu ranar 24 ga Yuli 2012, aka rantsar da mataimakinsa John Mahama a ranar. A Disamba aka fara amfani da na'urar tantance yatsa, ta ba da matsala a wasu rumfuna har aka ƙarasa zaɓe washegari. Mahama ya samu kashi 50.70, Akufo-Addo 47.74. NPP ta garzaya Kotun Ƙoli. Alƙalai tara ƙarƙashin Mai shari'a William Atuguba suka saurari ƙarar, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Masu shaguna a Kejetia da Alabar sun kashe watanni da rediyo a kunne, har wanda bai taɓa shiga aji ba ya san pink sheet, takardar sakamakon rumfa, da abin da ake nufi da ƙuri'u sun fi masu zaɓe yawa. Ranar 29 ga Agusta 2013 kotu ta kori ƙarar, wasu hujjoji da murya ɗaya, wasu da rinjaye. Akufo-Addo ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. Daga baya aka gyara ƙa'idar kotu ta yadda irin wannan ƙara ba za ta wuce kwana 42 ba, kuma a kanta aka saurari ƙarar Mahama bayan zaɓen 2020.

Kumasi tana da rabonta a ciki: a KNUST 'yan takara suka sa hannu kan alƙawarin zaman lafiya a Nuwamba 2012, a gaban Asantehene, sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu II. Shi ne mafi arha cikin tsofaffin, data kawai za ka saya, don hukuncin da bidiyon zaman kotu suna intanet. Amma Turancin lauyoyi ne mai kauri, kuma mai da shi Hausa a gaban taro aiki ne ja. Ka kuma tuna cewa kotun ta ɗaure wasu a lokacin saboda maganganun da suka yi a kanta, don haka a auna harshe idan ana batun alƙalai.

Na tsallake 2016 duk da cewa a nan ne karon farko shugaba mai ci ya faɗi, kuma bayansa aka kafa ma'aikatar raya Zango da asusunta a 2017. Wanda ke son bin sawun alƙawuran da aka yi wa Zango, can zai dosa.

2024

Abubuwan farko sun taru a nan. Mahamudu Bawumia na NPP ne Musulmi na farko da ɗaya daga manyan jam'iyyu biyu ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Manyan 'yan takarar biyu duk 'yan arewa ne, ɗaya daga Walewale ɗaya daga Bole. Mahama ne tsohon shugaba na farko da ya dawo, da kashi 56 da ɗoriya, Bawumia yana da 41 da ɗoriya. Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaba. Bawumia ya amince da kaye da safiyar 8 ga Disamba, tun hukuma ba ta bayyana sakamako ba. A bayan duk wannan akwai hauhawar farashin da ta kai kashi 54 a Disamba 2022, dakatar da biyan bashin waje, da rancen dala biliyan uku daga IMF a 2023. Fitowar masu zaɓe ta sauka zuwa kusan kashi 61 daga kusan 79 a 2020. Asawase da Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, sun tsaya tare da NDC duk da ɗan takara Musulmi a ɗaya ɓangaren, kuma wannan kaɗai abin nazari ne.

Arha ne kuma a tafin hannu yake, Facebook da YouTube cike suke da shi. Sai dai tuwon bai huce ba, wanda ya yi gaggawar sa hannu zai ƙone. Tambaya ta uku, wato me ya canja a dalilinsa, ba ta da amsa tukuna. Waɗanda suka yi wa juna baƙar magana a masallaci da gidan suna har yanzu suna haɗuwa kullum.

| Zaɓe | Nauyin tarihi | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 1992 | Babba | Mai yawa | Da wuya | Sosai | Matsakaici |
| 2000 | Mafi girma | Matsakaici | Matsakaici | Sosai | Kaɗan |
| 2008 | Babba | Matsakaici | Da sauƙi | Sosai | Mai yawa a Kumasi |
| 2012 | Babba ta fuskar shari'a | Kaɗan | Sai mai Turanci sosai | Mai kyau | Matsakaici |
| 2024 | Bai gama bayyana ba | Kaɗan | Da sauƙi ƙwarai | Babu tabbas | Mafi yawa |

Wa ya dace da wane

Ƙungiyar matasa mai shirya lacca a unguwa, inda 'yan lema (NDC) da 'yan giwa (NPP) za su zauna a benci ɗaya, ta ɗauki 2000. A gayyato dattijo ɗaya daga kowane ɓangare da uwa ɗaya da ta ga 1969, a naɗi muryoyinsu a waya da izininsu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ɗalibin digiri na farko a fannin tarihi ko kimiyyar siyasa shi ma 2000 nake ba shi shawara, ya taƙaita ga rumfunan Zango biyu ko uku.

Ɗalibin lauya, ko wanda aljihunsa ba zai kai shi Akra ba, ya kama 2012. Mai digiri na biyu da ke da tallafi da haƙurin zama da tsofaffin jaridu, 1992 na jiransa, kuma ya fara da shaidu kafin takardu saboda shekarunsu. Mai shirin rediyo da ke son masu sauraro su kasa kashe akwati ya ba su 2008, ya raba shi kashi uku, zagayen farko, na biyu, sannan Tain, amma ya tace kiran waya idan aka zo zargin Ashanti da Volta. Malamin makaranta da ke koyar da yara 'yan sakandare zai iya haɗa 2000 da 2008 a darasi biyu, don na biyun ba ya fahimtuwa sai da na farkon.

Wanda zuciyarsa ke kan 2024 kuma, ya fara tattarawa yanzu: hotunan sakamakon rumfuna, takardun yaƙin neman zaɓe, saƙonnin murya da suka yi yawo a WhatsApp, da hira da wakilan jam'iyyu tun ba su manta ba. Ya rubuta ranar da ya samu kowane abu da inda ya same shi, ya ajiye rubutun hukunci sai bayan zaɓen 2028.